Daga ina saniya ke samo furotin ɗin nononta, tunkiya kuma na ulunta?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗalibin aikin gona wanda ya tashi a gidan kiwo. Ya ce an karantar da su cewa akwai wasu amino asid da jikin dabba ba ya iya haɗawa da kansa, sai dai ta same su a abinci. To ga shanun gidansu, ba nama suke ci ba, ba ƙwai ba, da rani ma daga kara sai busasshiyar ciyawa, amma kullum ana tatsar nono, nono kuwa furotin ne mai daraja. Haka tumakin ƙasashen da ake aske wa ulu, su ma ciyawa suke kiwo. Daga ina kayan ginin ke fitowa?

Ɗan'uwa, karatun da aka yi muku daidai ne, kuma bai tsallake saniya ba. Amino asid iri ashirin ne ake zurawa ɗaya bayan ɗaya a yi furotin, kamar yadda ake zura duwatsu a zare a yi jigida. Wajen goma daga cikinsu, irin su laisin da metiyonin da histidin da lusin, babu wata gaɓa a jikin saniya ko tunkiya da za ta iya ƙera su yadda za su wadatar. Hanta ba ta iyawa, hantsa ba ta iyawa, fata ba ta iyawa. Bambancin dabba mai tuƙa da ni da kai shi ne tana ɗauke da masu ƙera mata su a cikin cikinta, tana ciyar da su, daga baya ta narkar da su. Abin da kuke zuba wa saniya a kwami, yawancinsa ba ita ke fara cinsa ba. Ƙananan halittun da ke tumbinta ne ke ci, ita kuma ta ci su. Duk sauran bayanin a kan wannan ya doru.

Na sha sa hannu cikin tumbin bijimi mai rai. A wuraren bincike akan yi wa dabba 'yar taga a kwiɓin hagu, a sa mata murfin roba, ta warke ta ci gaba da kiwonta. In ka zura hannu har kafaɗa, abin da za ka fara ji zafi ne, wajen digiri 39, sai wani wari mai tsami ya bugi hancinka. A sama iska ce, ƙarƙashinta ciyawa ta yi tabarma mai kauri wadda sai ka tura da ƙarfi, can ƙasa kuma ruwa ne kore mai ɗumi. Kana nan tsaye sai ka ji bangon tumbin ya matse maka hannu ya saki, sau ɗaya ko biyu a minti, yana ta juya kayan. Ɗauki ɗigo guda na ruwan nan ka sa a madubin ƙara girma, za ka ga wasu ƙananan halittu da ake kira furotozowa suna ta kai da kawo kamar kasuwa ta cika. Su ne manya, daga dubu 100 zuwa miliyan a mililita ɗaya. Bakteriya, waɗanda su ne ke yin aikin da muke magana a kai, sun kai biliyan 10 ko fiye a wannan mililita ɗin, ga kuma wasu dangin naman gwari da ke huda ƙwarin kara su buɗe musu hanya. A babbar saniya tumbin kan ɗauki fiye da lita 100. Sai ka lissafa.

Abin da ke faruwa a wurin nan yakan ba ɗalibai haushi da farko, domin rushewa ake fara yi. Furotin ɗin da ke cikin ɗanyar ciyawa ko harawa ko ƙuli-ƙuli, kashi biyu cikin uku nasa, wani lokaci ma fiye, ba ya fita daga tumbi da siffarsa. Bakteriya na datsa shi gunduwa-gunduwa, su raba amino asid ɗin ɗai-ɗai, su cire musu naitirojin ya zama amoniya. Tumbi bai san darajar furotin mai tsada ba, yadda zai yi da na waken soya haka zai yi da na ganyen gamba. Daga nan ne sai a soma gini. Bakteriya na buƙatar abu uku a lokaci guda: amoniyar nan, da ƙarangar da za a ɗora ta a kai, wadda suke samu daga gutsattsarin sukari da sitaci da zaren ciyawa, da kuma ƙarfin yin aikin, wanda shi ma daga ruɓar da abincin yake fitowa. Amoniya kan shiga ta ƙofar wasu amino asid biyu, gulutamet da gulutamin, daga can a riƙa miƙa naitirojin ɗin ga sauran ƙarangogi har amino asid ashirin ɗin su cika, da waɗanda jikin dabba ke iyawa da waɗanda ba ya iyawa. Biyu daga ciki, metiyonin da sistin, sai da farar wuta ake gina su, don haka dole ita ma ta kasance a abinci. Gwargwadon da aka saba nema shi ne kowane kashi 10 zuwa 15 na naitirojin a samu kashi 1 na farar wuta, tumakin ulu kuma su ne ke gefen 10.

Bakteriyan nan da wannan furotin suke gina jikinsu, ba don saniya suke yi ba. Amma ruwan tumbi ba ya tsayawa. Dare da rana yana gangarawa ta ɓangaren nan mai shafuka kamar littafi zuwa ciki na huɗu, wanda shi ne ciki na ainihi mai ruwan tsami irin namu, kuma yana kwashe da bakteriya tuli. Tsamin ya kashe su. Dabbobi masu tuƙa har wani sinadari suke fitarwa a wannan ciki, laisozayim, mai jure tsami, aikinsa fasa ɓawon bakteriya. A ƙaramin hanji a ƙarasa narkar da su, amino asid su shiga jini. Fiye da rabin busasshen jikin bakteriya furotin ne, kuma daga rabi zuwa kashi 80 cikin 100 na amino asid ɗin da saniya ke tsotsa a hanjinta daga gawarsu yake fitowa. Sauran daga ɗan furotin ɗin abinci ne da ya tsallake tumbi ba a rushe shi ba. Wani abin da nake jin daɗin nuna wa ɗalibai shi ne, in ka jera laisin da metiyonin na furotin ɗin bakteriya kusa da na madara, za ka ga sun yi kama ƙwarai, sun fi kama da juna fiye da yadda masara ko angurya suka yi kama da madara.

Ba a yarda da wannan magana a rana ɗaya ba. Tun 1891 wani masani Bajamushe, Zuntz, ya kawo ra'ayin cewa halittun tumbi na iya juya naitirojin da ba na furotin ba ya zama furotin. A 1949 Loosli da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell ta Amurka suka ciyar da tumaki da awaki abincin da kusan duk naitirojin ɗinsa yuriya ce, suka tarar da amino asid goman nan duka a tumbinsu. Wanda ya kai maganar ƙarshe shi ne Virtanen na Finlan, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1945 kan aikinsa na adana ciyawar dabbobi. Ya riƙe shanun tatsa a kan sitaci da sukari da zaren tsiro da ma'adinai, naitirojin ɗinsu daga yuriya da gishirin amoniya kawai, babu furotin a abincin. A 1966 ya fitar da sakamakon: shanun sun haihu, sun ba da nono, wadda ta fi kowa ta haura kilo 4,000 a shekara, kuma furotin ɗin madarar bai bambanta da na sauran shanu ba. Yuriyar nan kuwa ita ce dai sinadarin takin da ake zuba wa masara.

Wannan ya kawo ni ga shanunku da rani. Amoniyar da bakteriya ba su kama ba takan ratsa bangon tumbi ta shiga jini, hanta ta mai da ita yuriya. A jikin mutum yuriya shara ce, ƙoda ta tace ta ta fita a fitsari. Saniya kuwa tana maido da wani kaso nata tumbi, ta cikin yawu, wanda babbar saniyar tatsa kan zubar da fiye da lita 100 a rana, da kuma ta bangon tumbin kai tsaye. Duk lokacin da abinci ya yi ƙarancin furotin, ƙoda sai ta riƙe hannu, yawancin yuriyar ta koma tumbi a sake gina amino asid da ita. Da wannan dabara ce Bunaji da Rahaji da Azawak ke kai wa damina. Amma dabarar tana da iyaka, domin naitirojin ɗin da ya fita a nono da kashi ba ya dawowa. Bakteriya na son abinci mai furotin aƙalla kashi 7 cikin 100. Busasshiyar ciyawar watan Maris da karan dawa sukan faɗi zuwa kashi 3 ko 4, har ƙasa da haka. A nan bakteriya sai su ragu, kara ya daɗe a tumbi bai narke ba, saniya ta kasa cin wani domin wuri a cike yake. Ciki a ƙoshe, dabba na ramewa. Nonon da kuke ci gaba da tatsa a wannan hali, da naman cinyarta da na gadon bayanta take biyan wani ɓangare nasa. Ga kuma wata asara: saniya kusan ba ta tsotsar sukari daga hanji, hanta ce ke haɗa mata shi, kuma in kayan haɗin suka yi kaɗan sai ta ƙona amino asid ɗin da aka sha wahalar samu ta yi sukari da su.

Hantsa ba ta tace furotin daga jini ta zuba a nono. Ƙera nata take yi. Kafin a samu lita ɗaya ta madara sai jini lita 400 zuwa 500 ya ratsa ta, ƙwayoyin da ke cikinta suna tsince amino asid ɗai-ɗai suna zura su bisa tsarin da ke rubuce a gadon halittar dabbar. Furotin a madarar shanu bai cika wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 ba. Kashi huɗu cikin biyar nasa kasin ne, wanda ke dunƙulewa da sinadarin kalsiyam da fosfet ya ba madara farinta. Shi ne kake gani ya kama jiki idan kindirmo ya yi tsami, shi ne kuma ke curewa idan mai yin cuku ta ɗiga ruwan tumfafiya a madara mai ɗumi. Sauran kashi ɗayan yana cikin ruwan da ke tsatsowa, kuma a cikinsa akwai wani ƙaramin furotin, alfa-laktalbumin, wanda sai da shi ake haɗa sukarin madara, sukarin kuwa shi ke jawo ruwa. Ka ga ke nan ƙarancin amino asid ba kaurin nono kaɗai yake taɓawa ba, har yawansa. Saniyar da ke ba da lita 10 a rana tana fitar da furotin wajen giram 330, kuma sai ta tsotsi kusan giram 500 a hanji domin nonon kaɗai, ban da na riƙe jikinta.

Zurin nan ba ya karɓar musaya. In wurin metiyonin ya zo babu metiyonin, aiki ya tsaya, ko da sauran sha taran sun yi tsibi, kuma ragowar sai hanta ta ƙona su. A manyan shanun tatsa na Turai da Amurka, laisin da metiyonin ne ke fara ƙarewa, ana kuma neman su a kan uku da ɗaya. Inda masara ta yi yawa a abinci laisin ke gazawa, inda waken soya ya yi yawa metiyonin, inda kuma ake dogara da ciyawar da aka tsima a rami, kamar arewacin Turai, histidin kan shigo layi. Amma a ra'ayina wannan lissafi na saniya mai lita 30 ko 40 ne, wadda bakteriya ba za su iya ƙosar da ita ba komai ƙoƙarinsu. Saniyar da ke ba da lita 2 ko 3 ba wani amino asid guda ne ya tsaya mata ba. Bakteriyanta ne ke jin yunwa.

Ulu kuwa labarinsa daban ne, kuma ya fi ban sha'awa. Tumakinmu, Yankasa da Uda da Balami, gashi gare su ba ulu ba. Masu ulu a yankinmu su ne tumakin Masina na ƙasar Mali da danginsu na Kundum a bakin kogin Kwara a Nijar. Binciken da ya buɗe wannan babi kuwa a Ostireliya aka yi shi, kan tumakin Merino, domin can ne ulu ya zama dukiyar ƙasa. Ulu kusan tsantsar furotin ne da ake kira keratin, dangin na ƙaho da kofato da gashin kanmu. Ƙarfinsa daga farar wuta yake: sistin na wannan zare ya kama sistin na wancan, su ƙulla gada a tsakani, dubbai a kan dubbai. Warin da kake ji idan ana babbake kan rago, farar wutar nan ce ke tashi. A giram 100 na ulu akwai sistin giram 11 zuwa 13. A giram 100 na furotin ɗin bakteriya, metiyonin da sistin in ka haɗa su wajen giram 4 ne. Furotin ɗin da ya dace da madara tsaf, ga ulu ya gaza ninki uku. Tunkiya na rage giɓin ta hanyar juya metiyonin ya zama sistin a hanta da fata, amma shi kansa metiyonin ɗin kaɗan ne, ga hanji da hanta da ɗan da ke ciki duk suna jiran rabonsu.

A farkon shekarun 1960 wasu masu bincike biyu na CSIRO, hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya, Reis da Schinckel, suka yi gwajin da har yau nake ganin babu wanda ya fi shi fayyace maganar. In aka ba tunkiya ƙarin furotin mai kyau ta baki, ulu ba ya ƙaruwa sosai, domin tumbi ya rushe shi. Da suka zura bututu suka zuba kasin kai tsaye a ciki na huɗu, suka tsallake tumbi, sai ulu ya tashi. Da suka zuba sistin ko metiyonin zalla, wajen giram 2 kacal a rana, nan ma ulu ya ƙaru ƙwarai, a wasu tumakin har ya ninka, kuma farar wutar da ke cikinsa ta ƙaru. Daga nan aka shiga neman yadda za a yi wa furotin sulke ya ratsa tumbi lafiya. A 1967 Ferguson da abokansa suka nuna cewa kasin da aka jiƙa da ɗan sinadarin fomalin yana wucewa ba a taɓa shi ba, sai ya isa wurin tsami ya warware. Metiyonin da laisin masu rufi da ake sayar wa gonakin madara a yau jikokin wannan aiki ne.

Masu ulu suna karanta tarihin tunkiya a jikin zarenta. In fari ya yi tsanani, ko ciki ya tsufa abinci bai ƙaru ba, zaren kan sirance a daidai wannan lokaci, in an ja sai ya tsinke a wurin, farashi ya faɗi. Ƙarancin jan ƙarfe a abinci kuma yakan hana gadojin farar wutar ƙulluwa da kyau, ulu ya rasa lanƙwasarsa ya miƙe, baƙi ya koɗe.

Sulken da na ambata, Allah ya riga ya ajiye irinsa a wasu tsirrai. Ka san yadda majema ke jeme fata da bagaruwa: sinadarin tanin da ke cikinta ne ke kama furotin ɗin fatar ya hana ta ruɓewa. Haka tanin ke yi a tumbi, ya riƙe furotin ɗin ganye ya hana bakteriya rushe shi, in an isa ciki mai tsami ya saki. A Niyu Zilan an ga ulu da nonon tumaki sun ƙaru a kan wata ciyawa mai suna lotas, wadda tanin ɗinta yake daidai wa daida, kashi 2 zuwa 4 cikin 100. In ya zarce haka sosai sai ya zama cuta, dabba ta rage ci, furotin ya fita a kashi ba a amfana da shi ba. Zafi ma yana yin irin wannan aiki, shi ya sa dusar angurya da aka matse mai da zafi take tsallake tumbi fiye da ƙuli-ƙuli.

Da ni ne ke da shanunku, daga watan Janairu zan fara tunanin bakteriya kafin su rame. Ba buhu-buhu ake buƙata ba. Ɗan abin da zai ɗaga naitirojin a tumbi ne: harawar wake ko ta gyaɗa da aka adana a inuwa ganyenta bai zube ba, kowar wake, 'ya'yan gawo da iyayenmu suka daɗe da sanin amfaninsu, kilo ɗaya na dusar angurya ga mai shayarwa. Da bakteriya sun farfaɗo sai karan da yake zaune ya soma narkewa, saniya ta ƙara ci, ribar ta zo ta fuska biyu. A ba su kullum kaɗan-kaɗan ya fi a tara a ba su sau ɗaya a mako, domin amoniyar da ta zo babu ƙarfin da za a gina ta da shi a fitsari take ƙarewa. A haɗa da dusa saboda ƙarfin, da gishirin lasa mai ɗauke da farar wuta da fosfaras.

Yuriya tana aiki, amma ina roƙonka ka ji tsoronta. Naitirojin ɗinta kashi 46 ne cikin 100, kuma cikin mintuna take zama amoniya a tumbi. An taɓa kirana wani gida inda aka ji labarin amfaninta aka jiƙa ta a ruwan sha. Ko da na isa, shanu biyu sun riga sun faɗi, cikinsu a kumbure, jiki na rawa, yawu na dalala. Ɗaya muka ceto da ruwan kal da ruwan sanyi da muka ɗura mata, ɗayar ta tafi kafin a kawo wuƙa. Ba a zuba ta a ruwan sha, ba a ba dabba mai yunwa, kada ta wuce kashi 1 cikin 100 na busasshen abincin yini, a gauraya ta sosai, a kuma saba wa dabba da ita sannu a hankali cikin mako biyu ko uku. Hanyar da ta fi aminci ita ce a narkar da kilo 4 zuwa 5 a ruwa a yayyafa wa kilo 100 na yankakken kara ko bambaron shinkafa, a danne a rufe da leda mako uku, a buɗe ya sha iska kafin a bayar. Doki da jaki a nisanta su da ita, ba su da tumbi a gaban hanji. Maraƙi da ɗan rago ma haka, har sai sun soma tuƙa sosai, domin a watannin farko tumbinsu bai fara aiki ba, nonon da suke tsotsa ta wani kwararo yake bi ya zarce ciki na huɗu, kuma amino asid ɗinsu duka daga uwa suke samu.